Zanzaro a Ramin Iska

Rabin jikin Ngalla na cikin lungun da ke ƙarƙashin gadon goshin jirgin ruwan, sifana a hannu, sai ya dafa tankin masai ya ji shi tam kamar cikin wanda ya ƙoshi da wake. Ya dakata da kwance ƙusar. Tankin roba ba ya kumbura haka kawai.

Shi ya saka tankin nan shekara huɗu da suka wuce, a tsohon jirgin Dakta Fall mai tafiya da ƙyalle da iska. Da ya fara tsiyaya makon jiya, wari ya hana kowa shiga, sai Birame, mai kula da jirgin, ya tsaya a kan gadar katako gaban masu gyara da masu kifi ya ce aikin Ngalla ne, aikin ganin ido. Tun ranar babu mai jirgin da ya sake kiransa a gaɓar Hann. Dakta ma don kowa ya ƙi taɓa ƙazantar ne ta ce ya zo ya cire abin da ya ɓata, ya sa sabo, daga nan su rabu. Shekara talatin yana gina sunansa, mutum ɗaya ya zubar masa da shi da fatar baki. Ngalla ya ƙi jinin Birame, kuma bai taɓa ɓoye wa kansa ba.

Ya fito da baya da baya, ya bi siririn tiyon da ke fitar da iska daga tankin har inda ya ɓulla a gefen jirgi. Ya leƙa. Zanzaro ne ya yi gini a ciki, laka ta bushe ta toshe ramin ƙam. Ashe duk wanda ya shiga masai ya buga famfo, iskar ba ta da mafita, sai ta yi ta tura bangon tanki har ya fara tsagewa. Zura waya a ramin nan duk mako aikin mai kula da jirgi ne, kuma ko sabon shiga ya san ba a buɗe murfin da ake kwashe ƙazanta ta nan sai an fara zura ta.

Akwai guntuwar wayar ƙarfe a aljihunsa. Ya taɓa ta, ya bar ta inda take.

Wajen sha biyu sai ga Dakta, Birame na biye da ita cikin farar shadda ta zuwa Juma'a, ƙamshin turare na gaba yana baya.

"Har yanzu ba ka ciro ba?" in ji Birame. "Dakta, kin ga abin da nake faɗa miki ko?"

"Sai an kwashe ake cirowa, ranka ya daɗe," Ngalla ya ce, yana nuna murfin tagulla da ke daɓen jirgin. "Murfin ne ya fi ƙarfina. Tsufa."

"Tsufa ko lalaci? In kwanon shinkafa da kifi ne ai da tuni ka buɗe. Kawo nan."

Ngalla ya miƙa masa mabuɗin murfin. "Dakta, dawo nan baya wajen sitiyari, ya fi inuwa." Da ta matsa, sai ya ɗaga murya yadda masu shan shayi a kan gada za su ji. "Birame, ramin iska fa? An zura masa waya?"

Idon Birame ya kai gefen jirgin ya dawo. Ngalla ya ga lokacin da abin ya faɗo masa, kuma daɗin da ya ji a ransa bai san irinsa ba tun makon jiya. In Birame ya ce bari ya duba, ya tona kansa gaban uwar ɗakinsa.

"Ni za ka koya wa aiki? Duk Litinin nake zurawa."

"To, bismilla."

Birame ya tattare hannun riga, ya sunkuya, ya murɗa. Murfin ya yi tsiit, sannan ya ƙwace. Abin da baƙin Dakta suka tara na wata biyu ya taso sama, ya same shi tun daga gemu har aljihun gaba. Ya buɗe baki zai yi salati, ya yi sauri ya rufe.

Gada ta kaure da dariya. "Birame!" wata mai kifi ta ƙwala. "Yau ko sahun baya liman ba zai ba ka ba!"

Sai a lokacin Ngalla ya ciro wayarsa, ya sunkuya ta gefen jirgi, ya soka ta a ramin iskar. Laka ta zubo masa a tafin hannu, har da busassun gizo-gizon da zanzaro ya tara wa 'ya'yansa. Ya kai wa Dakta har gabanta. Birame ya yar da makullan jirgin, ya bi gada yana ɗiga, mutane na darewa.

Aikin ya kai shi la'asar. Ya kwashe sauran a jarkoki, ya yanke katakon gadon da zarto don tankin ya ƙi fita ta ƙofa, ya jawo shi waje, ya zaunar da sabon, ya ɗaure tiyo huɗu, ya sa 'yar raga a bakin ramin iska. Daɓen ma shi ya wanke, yana fito. Duk wannan Dakta na zaune a baya tana kallo.

"Malam Ngalla," ta ce daga ƙarshe, "inda ka tsayar da ni ɗazu babu inuwa."

"Babu, Dakta. Amma daga nan iska ke busowa, ba abin da zai same ki."

"Wato ka sani."

"Na tambayi Birame a gabanki."

Ta miƙe tsaye. Sannan ta ɗauki makullan da Birame ya yar, ta sa masa a hannu.

"Duk Litinin," ta ce. "Kuma in wata rana na ɓata maka rai, don Allah ka faɗa mini da baki."