Ƙudan da Aka Mayar wa Kinoti

Mijina Kinoti ya tsufa yana haɗa wa kifi tarko, amma bai taɓa ganin kifin da rai ba. Ba zaginsa nake yi ba, haka aikinmu yake. A ma'aikatarmu ta bayan kasuwar Chogoria muna zama ne a jere, kowa da 'yar ƙugiya a matse a gabansa, mu yi ta naɗa mata zare da gashin zakara har ta koma kamar ƙwaron da ya faɗa ruwa. Ƙuda muke ce masa. A zuba a kwali a tura ƙasashen da ko a mafarki ba mu je ba, masu fatsa su yaudari kifin tirawut da shi. Mu kuwa mu koma gida mu ci githeri, dafaffen masara da wake.

Dokar wurin guda ce: ƙudan da aka gama ba a taɓa gashinsa. Ta ƙugiya ake ɗaukarsa. In gashi ɗaya ya karkace, mai dubawa ta mayar maka da abinka. Tun kafin mu haifi 'yarmu Gakii ba a taɓa mayar wa Kinoti ko ɗaya ba, kuma ya ishe ni da wannan labari, ya ishi limamin cocinmu, ya ishi mai shayin bakin tasha.

Sai idonsa ya fara tafiya. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ke mutuwa, abin da ya rage ma ba zai daɗe ba. Ranar da Kagwiria mai dubawa ta mayar masa da ƙuda, sai da ta kawar da kai, don shi ya koya mata aikin. Gaskiya kuma ƙudan ya yi muni. Kansa ƙato, farin gashi ya yi masa yawa, fiffike ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon ƙasa. Kinoti ya kai shi dab da ido, ya jefar, ya ɗauki hularsa ya fita, bai sake komawa ba. Ni na tsinci ƙudan na soke a wuyan rigar sanyina. Har yau ban san ko haushi ne ya sa ni ko tausayi.

Wata safiya ina dama shayi ya ce, "Maman Gakii, dutse zan hau."

"Da wane idon?"

"Da ragowar. So nake in ga kifi ya ɗauki ƙudana. Sau ɗaya tak, kafin a kashe fitilar."

"Kai da ko kaza ba ka iya kamawa a tsakar gida?"

Na kalle shi yana laluben kofi a kan tebur, zuciyata ta karye. Na aika aka kira ƙanena Mwiti, wanda ya yi furfura yana kai baƙi tabkunan kifi da ke saman babban dutsen bayan garinmu.

Tsohuwar motar Mwiti ta kai mu inda hanya ta ƙare, daga nan sai ƙafa. Na tsine wa dutsen nan har na gaji da tsinuwa. Kinoti na dafe da kafaɗata, ɗaya hannun ya rungume wani gwangwanin biskit da ya tara ƙudajen da ya fi ji da su. Da hantsi muka isa. Tabkin na kwance a cikin kwari, baƙi wuluk, ba gida ba bishiya, sai ciyawa da sanyi mai shiga ƙashi.

"To, mijin Yaya," in ji Mwiti yana haɗa sandar fatsa, "abu biyu. Rana na gotawa gajimare zai sauko, ko hannunka ba za ka gani ba. Na biyu, in ka kama, mayarwa za mu yi. Dokar tabkin ke nan."

Na ce, "Mayarwa? Ashe gaisuwa muka zo yi wa kifin da gwiwoyin nan nawa?"

"Yaya, ke dai zuba mana shayi."

Jifan farko ƙugiya ta kama hular Kinoti. Na biyu ta kama ciyawa. Na uku saura kaɗan ta tafi da kunnen Mwiti, ya duƙa yana ihu, "Haba mijin Yaya! Ai ban hana auren ba, me na yi maka?" Muka yi dariya har da Kinoti. A hankali dai hannun ya gane, don hannun da ya saba da zare ba ya daɗewa yana ɓata. Ƙudan ya sauka a kan ruwa lau, kamar ba a jefo shi ba.

Ruwan ya motsa. Wani abu ya taso daga ƙasa, Mwiti ya ce ƙasa-ƙasa, "Ga shi nan, bar masa." Kinoti kuwa sai ya fizge. Ƙudan ya tashi sama, kifin ya kama iska ya nutse.

"Ka yi gaggawa. Jira ya rufe baki tukuna."

Aka sake, ya sake fizgewa. Aka sake. Mwiti ya cire hula ya sosa kai. "Zumuɗi ne, kowane baƙo haka yake yi."

Ni na san ba zumuɗi ba ne. Ina kallonsa. Duk sanda ya janyo ƙudan sai ya riƙe shi ta ƙugiya, ya hura masa iska, ya kai shi dab da ido yana duba ko wani gashi ya kwanta. Mutumin nan tsare ƙudansa yake daga bakin kifi. Ya hau dutse da ragowar idonsa don a ci abinsa, hannunsa kuma ya ƙi yarda.

"Baban Gakii, kai kake hana shi."

"Ni? Rufa mini baki, Nkirote." In ya kira ni da sunana, to na taɓo shi.

"To me kake hurawa? Kagwiria na cikin ruwan ne?"

Ya sauke ƙudan daga idonsa. Can ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "Haƙora gare shi. Mwiti ya ce haƙora gare shi. Wannan yini guda na yi ina ɗaura shi, lokacin ina gani." Ya juya fuska ga ruwan. "Kuma ko ya ɗauka ba zan gani ba. Da ya sauka a ruwa yake ɓace mini. Maganar Mwiti kawai nake ji."

Na ɗaga kai. Gajimaren ya riga ya cinye kan dutsen, yana gangarowa. Raina ya ɓaci, da shi, da kifin, da likitan ma. Na zare ƙudan nan daga wuyan rigata na miƙa wa Mwiti.

"Ɗaura masa wannan."

Mwiti ya juya shi. "Yaya, wannan ƙuda ne ko ɗan tsako?"

"Ɗaura, na ce."

Kinoti ya lalubo bakin zaren, yatsunsa suka taɓa ƙaton kan, nan take ya gane. Fuskarsa ta canza. "Abin kunyata kika adana? Har nan kika biyo ni da shi?"

"Har nan. Ba abin da kifi zai ɓata a jikinsa, ka riga shi. Jefa."

Da fushi ya jefa, ba lallashi ba komai. Abin ya faɗa ruwa tim, ya zauna fari fat a kan baƙin ruwa. Sai na ji Kinoti ya ja numfashi.

"Ina ganinsa," ya ce. "Maman Gakii, ina ganinsa."

Farin gashin da ya yi yawa, wanda ya sa aka mayar masa, shi ne kaɗai idonsa ke iya riƙewa daga nesa. Iska ta ɗan tura ƙudan, ya yi ta lilo. Sai ruwan ya kumbura a ƙarƙashinsa, baki ya buɗe, farin ya ɓace. Hannun Kinoti bai motsa ba.

"Ɗaga!" Mwiti ya daka tsawa. Sandar ta lanƙwashe.

Ban san tsawon lokacin da suka yi suna ja ba, ni dai ihu nake, na ma kifar da shayin. Da Mwiti ya tallafo kifin a raga, Kinoti ya durƙusa a cikin ruwan sanyin nan da wandonsa na zuwa coci, ya kai fuskarsa har hancinsa na taɓa shi. Ya bi shi da ido daga kai zuwa wutsiya, a hankali, kamar mai karatu.

"Ashe ja ne a gefensa," ya ce. "Ga ɗigo-ɗigo. Ba wanda ya taɓa gaya mini yana da kyau haka."

Mwiti ya zare ƙugiyar, ya nuna masa yadda zai riƙe kifin a ruwa har ya farfaɗo. Kinoti ya buɗe hannu, kifin ya kaɗa wutsiya ya tafi. Ban ce komai a kan tukunyata ba, kuka nake.

Gajimaren ya iso ya rufe tabkin. Mwiti ya miƙa masa ƙudan, ya jiƙe sharkaf, fiffike ɗaya ya tafi, zaren ya warware. Kinoti ya karɓa, kuma ba ta ƙugiya ba. Da dukan yatsunsa ya damƙe gashin. Ya buɗe gwangwanin biskit, ya ture masu kyan gefe, ya ajiye shi a tsakiya.

Ya lalubo kafaɗata ya dafa. "Mu tafi gida," ya ce. "In kin koma aiki ki gaida Kagwiria. Ki ce mata wanda aka yi dominsa ya karɓa."