Gasayar Mbuya Shorai

Mbuya Shorai ta dire bokitin da ƙarfi har ruwa ya fantsamar mata a zane. Layin gasayarta babu shi. Jiya da yamma yana nan a gefen kominta na lambu, ya kai mata ƙugu, kwansunan sun fara bushewa. Yau ƙasa ce fayau, har da sawun tsintsiya.

Wannan ba gasayar miya ba ce, ta iri ce. Daga garinsu Gutu ta zo da irin a ƙullin tsumma, daga hannun uwarta, mai faɗin ganye marar ɗaci, wadda ko sadza, tuwon masararsu, ta kwana sai ta wuce da ita. Bara ɓeraye suka cinye ƙullin da ta adana. Tushe goma sha biyun nan su ne ƙarshe, kuma kwana biyar ya rage ta tsinke kwansunan.

"Wane marar aikin yi ne ya shigar mini komi?" ta ƙwala, har matan da ke layi a bakin burtsatse suka juyo.

Baki kawai suka tura wajen VaGwenzi, wanda ya yi ritaya daga ofis aka ba shi komin da ke jikin nata a watan jiya. Yana tsaye da malafa da safar hannu fara, yana kwarara wa karas ɗinsa ruwa, rana tsaka.

"Ni ne, Mbuya," ya ce yana murmushi. "Taimaka miki na yi. Ciyawar ta yi tsayi, littafina kuwa ya ce ita ke tara ƙwari."

"Littafin ne ya haife ka? Uwarka ba ta taɓa dafa maka gasaya ba?"

"A kwano na san ta, ban san ta a tsaye ba."

"To ga jaki da takarda! Dubi naka komin. Ka mai da shi fadama, ka jibga ɗanyen kashin kaji ya ƙone kabejin ƙurmus, ka watsa karas cunkus kamar gashin kai. Naka bai ishe ka kashewa ba sai ka tsallako nawa?"

Murmushin ya ɗauke. "Ki iya bakinki, Mbuya. Shekara talatin ina shugabantar mutane."

"Ka shugabanci kabeji guda ɗaya mu gani!"

Ba ta jira amsa ba, ta je ta janyo Mai Nyarai, shugabar ƙungiyar lambun, tun hannunta da kumfar sabulu. Dokar lambun kowa ya san ta: igiya ce iyaka, wanda hannunsa ya tsallake igiya ya yi ɓarna, kominsa ya bar hannunsa.

"A kore shi yau," in ji Mbuya Shorai. "Ba na son haƙuri, ba na son a zauna a tattauna. Ya kwashe safarsa ya tafi."

Mai Nyarai ta goge hannu a zane. "Dokar tana bayanki, Mbuya. Akwai mai jiran komi, gobe ma zai sa fartanya ya kifar da ƙasar. VaGwenzi, ina ka kai abin da ka tuge?"

"Na ƙone su da safe." Ya gyara malafa. "Amma na bi ƙa'ida. Littafin ya ce kada a yi asarar ƙasa mai kyau, don haka sai da na kakkaɓe su sosai a kan komina."

Mbuya Shorai ta buɗe baki za ta zage shi, sai ta tsaya.

"Ka kakkaɓe su? A ina?"

Ya nuna. Ta tsallake igiyar, ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara. Ta kai fuska dab da taɓon. Ga ƙwayoyin irin gasayar nan, baƙaƙe ƙanana, sun warwatsu tsakanin karas da kashin kaji, har da tsagaggun kwansuna biyu. Ta dangwali ɗaya da yatsa, ya nutse. Ba mai iya tsince su daga wannan caɓin. Sai dai a bar su su tsiro a inda suke, in fartanya ba ta binne su ba, in ruwa bai ruɓar da su ba.

Ta daɗe a durƙushe.

"In rubuta an kore shi?" in ji Mai Nyarai.

"Ki bar shi."

"Yanzu fa kika ce..."

"Na ce ki bar shi! Kurma ce ke?" Ta miƙe tana dafe da baya, ta juya kan VaGwenzi. "Kada ka ɗauka na yafe maka. Cire safar nan. Kashin kajin nan za ka tsince shi da hannu, ɗaya ɗaya, ka tara a can ya ruɓe wata uku. Ba fartanya. Ruwa kuwa sai da sassafe, shi ma sai ka tsoma yatsa a ƙasa ka ji ta bushe. Ka ji, shugaba?"

Matan burtsatse suka tuntsire da dariya. VaGwenzi ya dubi Mai Nyarai, ta ɗauke kai. A hankali ya zare safar, ya tsuguna. Can hannunsa ya nufi butar ban ruwa kamar yadda ya saba. Mbuya Shorai ta riga shi, ta tuttular da ruwan a hanya, ta kifa butar ta zauna a kai.

Ya tsinci kashi uku, ya ɗago. "To in ta tsiro, yaya zan bambance ta da ciyawa?"

"Ba za ka bambance ba," ta ce, idonta na kan ƙasa. "Shi ya sa kullum za ka tarar da ni a nan."