Hannun Mai Gyaran Agogo

A kantin maganin da yake aiki kowa Ƙyas yake kiransa, har mai kantin. Sunan ya samo asali ne daga ƙarar kyamararsa, wata tsohuwar baƙa mai nauyin dutsen guga, wadda igiyarta ta riga ta yi masa shaida a bayan wuya. Daga Litinin zuwa Juma'a yana bayan kanta, yana fama da rubutun likitoci mai kama da inda kaza ta yi tono, yana zuba ƙwayoyi a 'yan ledoji yana rubuta "biyu safe, biyu yamma." Asabar kuwa tasa ce. Da ya karya kumallo sai ya rataya kyamara ya shiga gari da ƙafa.

Abin da yake nema bai taka kara ya karya ba, a ganinsa. So yake ya ɗauki mutane yadda suke, suna cikin hidimarsu. Amma da zarar ya ɗaga kyamara sai titi ya sauya. Mai sayar da lemo ya gyara wuyan riga ya ƙame kamar soja. 'Yan mata su haɗa kai su ɗaga yatsu biyu. Wanda bai yi haka ba kuma ya taso masa da faɗa: "Malam, wa ya aiko ka? Ɗan jarida ne kai ko ɗan leƙen asiri?"

A gida ma bai tsira ba. Maiɗakinsa tela ce, kekenta na falo kusa da taga, kuma bakinta bai fi almakashinta sauƙi ba.

"Shekara shida kana ɗaukar ƙeyar mutane da tayar keke," in ji ta, "mu da muke gidanka ba mu da hoto ɗaya na nunawa baƙo."

"Ke ba ki gane ba ne."

"Na gane mana. Wanzami ba ya son jarfa."

Wata Asabar da hantsi ya biyo ta ƙarƙashin gadar sama, wajen da motocin bas ke tsayawa. Akwai wani tsoho mai gyaran agogo da ke zama a jikin ginshiƙi na uku, da ɗan teburinsa mai akwatin gilashi. Ƙyas ya sha wuce shi. Ran nan tsohon ya duƙufa a kan wani agogon hannu da ya buɗe wa ciki, ya maƙala ɗan gilashin nan nasu mai ƙara girman abu a ido ɗaya, ya cije leɓen ƙasa. Sai wata bas ta karyo kwana, tagarta ta kwaso hasken rana ta watsa shi a fuskar tsohon da yatsunsa, duk sauran wurin na cikin inuwa. Ƙyas bai san lokacin da ya danna ba. Sau ɗaya tak. Bas ta wuce, haske ya tafi, tsohon ko ɗago kai bai yi ba.

Ya koma gefe ya kare fuskar kyamarar da tafin hannu ya duba. Sai da ya nemi dakali ya zauna. Kowace tamoji a goshin tsohon ta fito, ga ɗan ƙarfen da ya riƙe da hantsaki yana ƙyalli kamar ƙwayar gero, ga mutane a baya sun zama inuwoyi masu sauri. Shekara shida yana yawo rana na dukansa, yau ga abin da yake nema.

A makon ne kuma ya ga sanarwa a allon ɗakin karatu na birni. Za a baje hotunan masu ɗauka don sha'awa, kowa ya kawo guda ɗaya kafin ƙarshen wata. A ƙasa an ƙara da ƙananan baƙaƙe: duk hoton da fuskar mutum ta fito, sai da sa hannun mai fuskar.

Wannan ai mai sauƙi ne, in ji shi a ransa. Ya wanke hoton babba, ya sa a ambulan, ranar Laraba ya roƙi abokin aikinsa ya riƙe masa kanta a lokacin cin abinci, ya tafi ƙarƙashin gada.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannu. Agogo ne ya tsaya?"

"A'a, wani abu na kawo maka ka gani."

Tsohon ya goge hannu a tsumma ya karɓa. Ya daɗe yana kallo. Ya matso da hoton, ya nisantar, ya sake matsowa.

"Ikon Allah. Ashe haka na tsufa." Ya yi 'yar dariya. "Yaushe ka sace ni ban sani ba?"

Ƙyas ya yi masa bayanin baje kolin, ya zaro takardar sa hannu da biro. Yana ambaton ɗakin karatu, dariyar tsohon ta ɗauke. Ya mayar da hoton cikin ambulan a hankali ya miƙo masa.

"Ɗan nan, ka yi haƙuri. Ba za a rataye ni a can ba."

"Baba, ba abin wulaƙanci ba ne. Girmamawa ce. Mutane za su ga..."

"To ai ganin ne ba na so." Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Babban ɗana ya hana ni wannan aikin tun bara. Ya ce ya isa ya riƙe ni, abin kunya ne a ga ubansa a bakin titi. Ya kwashe kayan aikina ya kulle. Wata uku na yi a gida ina kallon bango, har ƙafafuna suka fara kumbura. Sai na sake haɗa wasu kayan a ɓoye, nake barin teburin wurin mai shagon can. Su a gida sun san tattaki nake fita, wanda likita ya ce in riƙa yi. Jikata kuma kullum tana wannan ɗakin karatun, jarrabawa take shiri. Ka ga inda zancen yake?"

"Sati biyu ne kawai za a yi, Baba."

"Ko wuni ɗaya ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Ƙyas ya roƙa, ya sake roƙo. Ya ce zai je ya yi wa ɗan tsohon magana da kansa. Tsohon ya dube shi kamar ya ce zai cinna wa gidan wuta. Daga nan wata mata ta kawo agogon bango a leda, tsohon ya juya gare ta, zance ya ƙare.

Ya koma kanti a makare, ransa a dagule. Wata tsohuwa ta tambaye shi sau uku ko kafin abinci ake shan maganin, ya amsa mata da tsawa, mai kantin ya leƙo daga ofis ya harare shi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Hoton na cikin jakarsa a ƙarƙashin kanta, kuma ba mai ganinsa.

Asabar ɗaya ta rage masa, ya ce bari ya nemo wani. Ya fita tun da sanyin safiya. Ya tsaya minti arba'in yana jiran wani mai wankin tagogi ya kai hawa na uku, yana kaiwa sai mai gadin ginin ya zo ya dafe bakin kyamarar da hannu, ya ce an hana. Ya bi wata mai shara da tsintsiyarta ke zana layi a kan kwalta, ta juyo ta jingina tsintsiyar, ta gyara ɗankwali ta ce ya bari ta cire rigar aiki tukuna. A kasuwar kayan gwari ya hango wasu 'yan dako biyu suna dariya a kan buhu, kafin ya saita wani mai babur ya faka a gabansa ya ce, "Oga, ɗauke ni da mashin ɗina, sabo ne." Hoto ɗari da ashirin ya dawo da su. Ya zauna a falo yana gogewa ɗaya bayan ɗaya yana tsaki.

Maiɗakinsa ta tsayar da keke. "Wannan tsakin zai tsinka min zare. Miƙo hoton tsohon in gani."

Ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba. Ta shimfiɗa shi a kan teburin yanka, ta ɗauko wani ƙyalle ta rufe rabin sama da shi.

"To ga shi. Yanke kan mana. Takardar ai fuska ta ce, ba ta ce hannu ba."

"Yanke kan? Kin ɗauka hannun riga ne? Fuskar ita ce hoton! Hasken, idon, leɓen..."

"To ka zauna da shi a jaka, ku tsufa tare." Ta koma kan kekenta.

Kwana biyu yana fushi da shawarar, ya fi fushi da cewa ba shi da wata. Ranar Talata ya kai aka wanke masa rabin ƙasa: hannuwa biyu masu jijiyoyi, hantsaki, cikin agogo a buɗe. Ba laifi. Wanda bai ga na farko ba zai ce ya yi kyau. Shi kuwa duk sanda ya kalla, wurin da aka yanke yake gani.

Duk da ba a bukatar sa hannu, sai da ya kai wa tsohon.

"Wannan kam rataya," in ji tsohon. "Hannu ba ya faɗin sunan mai shi. Wancan mai kan kuma ka adana min. Ran da na kwanta dama ka kai wa ɗan nawa, ya ga tattakin da nake yi."

Ranar buɗewa Ƙyas ya sa rigarsa mai kyau, ya tafi da maiɗakinsa da yayarsa, wadda ba a yin taro a dangi babu ita. Hotuna arba'in aka rataya, yawanci faɗuwar rana da furanni. Nasa yana can ƙarshen zaure, bayan ƙofa, sama da tukunyar kashe gobara. Duk wanda ya turo ƙofar sai ta rufe rabinsa.

Yaya ta sa tabarau ta matsa kusa.

"Wannan ne naka? Ina kan mutumin?"

"Haka aka so shi, Yaya."

"Wa ya so shi haka? Shekara nawa kana wannan abu, har yau ba ka iya saita kai ya shiga ba? Ni da waya ma ba na yanke wa mutum kai."

Wani mai ɗan kunne da littafi a hannu ya tsaya a bayansu, ya gyaɗa kai ya ce lallai mai hoton ya nuna yadda birni ke shafe fuskar talaka. Ƙyas ya buɗe baki, ya tuna da jikar tsohon, wadda wataƙila tana cikin 'yan matan da ke zaune a teburan can. Ya rufe bakinsa. Maiɗakinsa ta kau da kai tana danne dariya.

"Zo nan," in ji Yaya, ta zaro wayarta. "Tsaya a gabansa in ɗauke ka in tura wa dangi. Matsa tsakiya. Ƙara matsawa."

"Yaya, na rufe hoton gaba ɗaya."

"Ba komai, kai ake son gani. Saki fuskar mana, kamar wanda aka aiko wa da sammaci!"

Ya tsaya, hannuwa a gefe, ya yaƙe haƙora.