Fentin Fuskar Mai Agogo

Karo na uku ke nan tsohon mai wankan gawa yana murza sabulu a soso yana gogawa a goshin Malam Mai Agogo, amma fentin nan ko gezau. Rabin fuskar shuɗi, rabi rawaya, haka har ƙirji da tumbi, sai ƙyalli yake a ƙarƙashin fitila kamar sabuwar ƙofar shago. Tsohon ya ajiye soson, ya buɗe hannu biyu, ya faɗi wata doguwar magana cikin harshen wannan baƙuwar ƙasa.

"Me ya ce?" in ji Mai Fenti, maƙwabcin mamacin.

Ciyaman, shugaban ƙungiyar magoya bayan ƙwallon da suka taso tare daga gida, shi kaɗai ke tsintar harshen ƙasar. Ya share gumi da hularsa. "Ya ce shekara talatin yana wannan aiki, bai taɓa wanke tuta ba sai yau. Ya ce in ruwa bai taɓa fata ba, ba a yi wanka ba. Kuma yana son ya san wane mai hankalin ne ya shafa wa mutum wannan abu."

Mai Fenti ya sunkuyar da kai yana kallon ramin da ruwa ke bi a tsakiyar ɗakin. Mai hankalin dai ga shi nan tsaye.

Jiya da yamma abin ya faru, a wasan ƙasarsu na biyu a gasar ƙwallon. Saura minti huɗu a tashi ƴan wasansu suka zura ƙwallo. Fili ya kaure da ihu, Malam ya daka tsalle, ya rungumi wani baƙo da bai taɓa gani ba, ya koma kujerarsa ya zauna. Zaman ke nan. Likita ya ce zuciya ce. Sau uku Mai Fenti yana sa Ciyaman ya tambaya ko fentin yana da hannu a ciki, sau uku likita yana girgiza kai. Da safen nan aka ba su gawar, iyali kuma suka yarda a binne shi a nan bayan azahar. Abu ɗaya matarsa ta roƙa: ƙarfe sha biyu za ta yi kiran bidiyo, ta ga fuskar mijinta kafin a rufe.

To, nan fa ake yin ta, domin matar ba ta san mijinta yana shafa fenti ba.

Ai kowa ma bai sani ba. In ka ga Malam Mai Agogo a unguwa, wallahi ba ka ce ya san yadda ƙwallo take ba. Shagonsa ɗan mitsitsi, gilashi ɗaya maƙale a ido, in zai yi magana sai ka matsa kusa ka ji. Wurinsa ake kai ma'aurata sulhu. Shekara ashirin da shida katanga ɗaya ta raba gidansa da na Mai Fenti, kuma wannan ce gasa ta huɗu da suka biyo ƴan wasan ƙasarsu tare. Kowace ranar wasa sai Malam ya kulle ƙofar ɗakin masauki, ya tuɓe riga, ya zauna bakin gado ya ce, "Bismillah, maƙwabci. Rabi da rabi, kada layin ya karkace." Wanda zai fito daga ɗakin nan wani mutum ne daban. Ga rawa, ga busa ƙaho, tumbi na kaɗawa, masu kyamara kuwa ba su gajiya da shi.

Can gida, matarsa, wadda duk layin ke kira Yaya, gidan Mai Fenti take shiga kallon wasa, tunda Malam ya ce talabijin ɓata lokaci ne. Duk sanda aka hasko mai fentin nan, in ji matar Mai Fenti, sai Yaya ta yi ta dariya har da hawaye tana cewa, "Wayyo ni! Wannan ko mijin wace baiwar Allah ce? Allah Ya ba ta haƙuri." Ranar da labarin ya iso kunnen Malam bai yi dariya ba. Ya riƙe hannun Mai Fenti ya ce, "Kada ta ji, maƙwabci. Ko bayan raina." Mai Fenti ya ce ya ɗauki alkawari. Wa ya san ranar za ta zo da fenti a jiki?

Laifin kuma na wasan farko ne. Kalar fuska ta ruwa suka saya, gumi ya narkar da ita, shuɗi ya gangara cikin rawaya, Malam ya koma kore shar, kalar abokan hamayya. Magoya bayan abokan hamayyar suka yi ta tafa masa suna ɗaukar hoto da shi. Ya dawo masauki yana huci. "Kai da kake fentin ƙofofin mutane, rana ta doka, ruwa ya doka, ba su zuba. Ni ne zan zuba?" Mai Fenti ya so ya ƙi, amma an taɓa masa sana'a. Ya je ya sayo ƙananan gwangwani biyu na fentin mai, ya yi masa shafi har biyu. Aiki kam ya yi kyau, shi ya sa yau aka rasa yadda za a yi da shi.

Ciyaman ya duba waya. "Sha ɗaya saura kwata. A nemo fetur kawai, ko kananzir."

"A fuskar Malam?" Mai Fenti ya ɗago a fusace. "Ya ƙona masa fata, wari ya bi shi har cikin likkafani? Ce wa Baba ya taimaka mana da man girki da auduga. Da tawul mai tsabta."

Tsohon ya saurari fassarar, ya ɗaga gira, ya fita. Saman ginin yake zaune da iyalinsa, sai ga shi ya dawo da kwalbar mai daga kicin ɗin matarsa. Ya jawo kujera ya zauna daf da teburin, ya harɗe hannu. Yau zai ga ikon Allah.

Mai Fenti ya jiƙa auduga, ya shafe fuskar da mai, ya jira. Sai ya sa farin tawul ya goga a hankali daga tsakiyar goshi. Fentin ya saki. Fata ta leƙo, faɗin ɗan yatsa biyu.

Tsohon ya yi wata ƙara ta mamaki, ya naɗe hannun riga, ya miƙo hannu a ba shi auduga. Ciyaman ma ya ajiye waya ya kama kafaɗa.

Abin mamaki, duk shekarun nan Mai Fenti rufe mutumin nan yake yi, cikin sauri, ana jiran mota a waje. Bai taɓa tsayawa ya dube shi ba. Yanzu da yake buɗe shi kaɗan-kaɗan, sai ya riƙa cin karo da abubuwa. Ga wani zagayayyen shati a kewayen idon dama, inda gilashin gyaran agogo ya zauna shekara da shekaru har ya yi wa kansa gurbi. Ga ɗan tabo a ƙasan haɓa, gemu ya ɓoye shi. Na mene ne? Faɗuwa ce ta ƙuruciya, ko wani ne ya taɓa naushin Malam? Malam ɗin da ko kaza bai iya kora da ƙarfi ba? Kuma ashe hancinsa ya ɗan karkace hagu. Shi ya sa kullum layin tsakiya ke ba shi wahala, shi kuwa yana zargin burushi.

"Mai Fenti, zo ka ga," in ji Ciyaman. Ya ɗaga hannun mamacin. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe waje, gaɓoɓin sun yi kauri. Ɗaya hannun ma haka. "Wallahi wannan hannun gola ne. Ƙwallo ce ke yi wa yatsu haka. Ya taɓa tsaron gida?"

"Ban sani ba."

"Kai da kuke katanga ɗaya?"

"Na ce ban sani ba, Ciyaman."

Mai Fenti ya karɓi hannun ya daɗe yana juya shi. Da waɗannan karkatattun yatsun Malam yake ɗaukar ƙusar agogo wadda ba ta kai ƙwayar gero ba. A wane fili ya tsaya? Wa ya hana shi ci gaba? Sun kwana ɗaki ɗaya a ƙasashe huɗu, sun yi hirar ƴan wasa har maƙogwaro ya bushe, amma ko sau ɗaya bai ce "lokacin da nake bugawa" ba. Mai Fenti ya ji haushin kansa, ya ji haushin Malam ma, da ya tafi da amsar.

Tsohon ya yi tambaya ba tare da ya ɗago ba.

"Wai wa ya ci wasan?" in ji Ciyaman. Ya amsa masa da kansa, ya ɗaga yatsa ɗaya. "Mu. Ɗaya da nema."

Tsohon ya nuna mamacin, ya nuna idonsa.

"Ya gani," in ji Mai Fenti. "Ce masa ya gani sarai."

Tsohon ya gyaɗa kai kamar wanda aka sauke wa kaya, ya ci gaba da goge ƙirji.

Gira da gemu su suka ci lokaci. Da tsinke da auduga Mai Fenti ya bi su, ya bi cikin kunne, ya bi bayan kunne, ya bi gefen hanci. Bai bar ko ɗigo ba. Tawul ɗin ya ɓaci, shuɗi da rawaya da koren da suka haifa, ya jefa shi kwandon shara. Sannan tsohon ya karɓi aikinsa, ya wanke man da sabulu, ya yi wanka yadda ya kamata, aka sa likkafani aka bar fuska a buɗe. Malam Mai Agogo sak, kamar ya gyangyaɗa a shago bayan azahar.

Sha biyu da minti biyu waya ta yi ƙara. Mai Fenti ya goge hannu ya karɓa. Yaya ce zaune a ɗakinta, lulluɓe, ana jin muryoyin masu gaisuwa daga tsakar gida.

"Baban ƴan biyu, sannunku da ɗawainiya."

"Yaya, sai haƙuri. Allah Ya gafarta masa."

"Amin. Nuna mini shi."

Ya juya wayar. Ta daɗe tana kallo, leɓunanta na motsi.

"Ya yi fes," ta ce. "Matso da ita wajen kunnen hagu. Ta baya."

Ya matsa da wayar. Wurin tsaf yake, shi ya san aikin da ya yi.

"Har nan ka goge," in ji Yaya a hankali. "Kullum nan yake mantawa. In ya dawo sai in yi sati ina wanke shuɗi a rigar matashin kai."

Mai Fenti ya juyo da wayar, baki buɗe. "Yaya… ashe kin…"

"Haba, Baban ƴan biyu. Tumbin da na shekara talatin da ɗaya ina ciyarwa ne zan kasa ganewa don an shafa masa kala?"

Ciyaman ya juya baya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na girgiza, ba ka ce dariya ce ko kuka ba.

"To me ya hana ki faɗa masa?"

"Da na faɗa, da ya daina. Ka san shi da kunya." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ni ban taɓa ganin dariyarsa har haƙoran ciki ba sai a talabijin ɗinku. Da aka ce a filin ya cika, na ɗauka yau zan gan shi da abinsa, ko sau ɗaya, kusa da kusa." Ta gyara zama. "Ba komai. Wanka ya fi. Kun kyauta, Allah Ya saka. Ku rufe shi."

Wayar ta ɗauke. Mai Fenti ya sa ta a aljihu. Ya cika alkawari tsaf, kuma da hannunsa ya goge abin da baiwar Allah nan take son gani. Tsohon ya ja likkafani ya rufe fuskar, ya ɗaure. A waje an fara jin takun sauran magoya baya, sun iso cikin rigunansu na ƙwallo.

Ciyaman ya leƙa ya dawo. "Sun kawo makara. Mu je."

"Ina zuwa."

Mai Fenti ya durƙusa gaban kwandon shara, ya kawar da audugar da ke sama, ya zaro tawul ɗin. Har yanzu da danshin mai a jikinsa. Ya shimfiɗa shi a gwiwa, ya ninke ta yadda kalar za ta kasance a ciki. Tsohon yana tsaye yana kallonsa, bai nemi fassara ba. Ya buɗe durowa ya ciro wata farar leda mai tsabta, ya riƙe masa bakinta a buɗe.