Ranar da Baba Mamman Bai Yi Tari Ba

"Kar wanda ya motsa fuska," in ji Mas'ud daga bayan kyamara. "Inna Delu, da ke nake. A garin nan ba a san tausayi ba."

Inna Delu ta gyara mayafi, ta kafe ido a jikin katanga. Mun cika tsakar gidan Baba Mamman, maza a gefen rumbu, mata a ƙarƙashin darbejiya. Shi kuma yana kwance a tsakiya kan tabarma, an lulluɓe shi da farin zanen gado har wuya.

Mas'ud ɗan wan babana ne. Bayan girbi ya dawo garinmu Yako daga Kano da kyamarar aro da labarin fim a kansa. Labarin wani gari ne da mutane suka daina jin komai a zuciya. In an yi haihuwa sai a ce "to", in an yi mutuwa a ce "to", kowa ya mai da kai kan wayarsa. Ya ce fim ɗin na barkwanci ne. Ni dai har na gama karatuna a jami'a ban ci karo da irin wannan barkwanci ba, amma ban faɗa masa ba. Ya ba ni matsayin jikar mamaci, wai dama ba na magana.

Matsayin gawa ne kowa ya ƙi. Sai ga Baba Mamman ya kawo kansa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi. Yana saurayi ruwan madatsar Tiga ya cinye ƙauyensu, yakan ce kaburburan iyayensa kifi ne kaɗai ke ziyartarsu. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake zaune. 'Yarsa Laraba tana aure a Doguwa, ta daɗe rabonta da gida, ko waya sai da salla.

Na tambaye shi ta kan katanga ko bai ji tsoro ba.

"Amarya," ya ce, don haka yake tsokanata tun ina ƙarama, "an ce abin nan har Doguwa yake zuwa ta waya. Bari Laraba ta gan ni a miƙe, ko ta tuna hanya."

Matsalarsa ɗaya ce, tari. Da an fara ɗauka sai ya turnuƙe shi, gawa ta tashi zaune tana neman ruwa, a fashe da dariya, Mas'ud ya dafe kai. Haka aka yi ta fama kwana da kwanaki, har mutane suka ƙware wajen ɗaure fuska. Mas'ud ya kafa musu doka: duk abin da wani ya faɗa, ko ba ya cikin labarin, amsar ita ce "to". Tunda kunnen Baba ya yi nauyi, ni aka sa in zauna wajen ƙafafunsa, in an gama in ja bakin tabarma ya san ya tashi.

Ran nan bayan azahar aka fara. Mutane suka riƙa wucewa ta gabansa ɗaya bayan ɗaya. Sagiru mai cajin waya ya tsaya a kansa yana shan rake, ya tambayi na kusa da shi ko masara ta sauka a kasuwa. Wata ta tsallake ƙafar Baba ta je ta ɗauki buta. Ba a taɓa yin nisa haka ba tare da tari ba. Ina hango haƙoran Mas'ud a bayan kyamara.

Ni kuwa zanen nake kallo. Kullum yakan ɗan ɗaga a ƙirjinsa ya sauka, komai ƙoƙarinsa. Yau ya kwanta lif kamar an shimfiɗa shi a kan benci. Na ja bakin tabarmar a hankali, duk da ba a ce a tsaya ba. Na ƙara ja da ƙarfi har kansa ya ɗan karkata. Bai gyara shi ba.

Na kira sunan Yaya Mas'ud, muryata ba ta fita sosai ba. Ya yi mini alama da hannu in yi shiru. Ban taɓa ɗaga murya a gaban maza masu yawa haka ba. Amma na miƙe tsaye.

"Baba Mamman ba ya numfashi."

Duk suka juyo suka dube ni, fuskoki a shafe, ba wanda ya ko ƙifta ido.

"To," in ji Sagiru, ya tofar da ɓawon rake.

"To," in ji sauran.

Mas'ud ya ɗaga mini babban yatsa. Ya zaci ƙari na yi wa labarin.

Na sake faɗa, na rantse da Allah. Suka sake cewa "to", wannan karon a tare, kamar masu amsa wa liman. Wata akuya ta leƙo daga zaure ta koma. Na tsaya a tsakiyarsu ina duba fuskokin mutanen da na sani tun haihuwata, na rasa wadda zan kama.

Inna Delu ce ta tashi daga ƙarshe. Ta zo ta durƙusa, ta kara bayan hannunta a hancinsa, ta daɗe a haka. Sannan ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure masa haɓa, ta yi salati da irin muryar da aka koya mata ta fim. Sai a lokacin Mas'ud ya sauke kyamara.

Ba wanda ya yi kuka. Aka aika a kira liman, aka ɗora ruwa, samari suka ɗauki diga suka nufi maƙabarta. Kafin magariba an rufe shi. Inna Delu ta gaya wa mahaifiyata cewa ta nemi kukan a ƙirjinta, ta tarar ba ya nan, kamar an share wurin.

Washegari da hantsi Laraba ta iso a kan acaɓa, da jaka ɗaya. Aka yi mata gaisuwa, ta amsa kowa daidai yadda ake amsawa, idonta a bushe. Da mutane suka ragu ta kira ni ɗakin marigayin, ta ce ta ji a mota wai an ɗauki mutuwar babanta a fim. Mas'ud ya ƙi fitowa daga gida, amma ya turo mini abin a waya. Na miƙa mata, muka zauna a bakin gadonsa.

Ta kalli Sagiru da rakensa. Ta kalli matar da ta tsallake ƙafar babanta. Ta tambaye ni daidai ina ne ran ya fita, na ce ban sani ba. Na yi niyyar gaya mata dalilin da ya sa ya karɓi matsayin gawa, sai na mai da idona kan wayar.

Can kyamara ta matso kusa da fuskarsa. Wani ƙuda ya sauka a gefen idonsa, yana tafiya a hankali zuwa hanci. Duk cikinmu ba wanda ya gan shi jiya.

Laraba ta kama bakin mayafinta ta kaɗa a kan wayar. Ƙudan bai tashi ba. Ta matso da wayar kusa da bakinta ta hura masa iska, ta sake kaɗawa, ta sake.