Bindigar da ta sha rabon Zoilo

Duk garin an san Don Telésforo shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka je yaƙin Chaco. Bana ma da ƙyar ƙafafunsa ke ɗaukarsa, amma ya rantse sai ya yi faretin 'yan mazan jiya da tsohuwar bindigarsa Mauser a kafaɗa. Sai sabon shugaban 'yan sanda ya kafa doka: ba bindigar da za ta fita sai an zare sakatarta an ga ba harsashi. Ita kuwa sakatar nan tsatsa ta cinye ta, ko motsi.

Nicanora, 'yar Don Telésforo mai gyaran keken ɗinki, ta san mafarin abin. Kowace shekara tsoho kan tsiyaya wa bindigar giyar rake, wai rabon Zoilo, abokinsa da ƙishirwa ta kashe a daji. Shekara da shekaru ana shayar da ƙarfe, ai dole ya kumbura!

Sai an raba ƙarfe da kota kafin a jiƙa sakatar a kananzir, ga sukuru ɗaya ya kafe. Ƙaninta Higinio ya riga ya gwada ƙarfi, ya tauna rabin kan sukurun.

"Kai dai hannunka na yanka rake ne," in ji ta. "Matsa, sarkin gaggawa."

"To gwana, mu gani. Bindiga ba keken ɗinki ba ce."

Ranta ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ta, don in kan nan ya ƙarasa lalacewa shi ke nan, Baba sai kallo daga baranda. Ta samo guntun tsohuwar adda, ta goge bakinsa da magagari har ya zauna daram cikin tsagar kan sukurun. Ta ɗiga kananzir, ta ƙwanƙwasa a hankali, ta koma ta sha tereré ɗinta, shayin ganye mai sanyi. Washegari ma haka. Sukuru ya yi kunnen uwar shegu.

Ranar jajiberin fareti ta ɗora ƙarfen da ya yi jawur a garwashi a kan sukurun har ya ɗau zafi, ta shiga ɗaki ta ɗauko kyandir daga gaban hoton Budurwar Caacupé, waliyyiyar da suke addu'a a gabanta.

"Na Uwarmu ne fa!" in ji tsoho.

"Aro na yi, Baba. Ita ma tana son ganin fareti."

Ta goga kyandirin a kan sukurun mai zafi, kakin ya narke ya bi gefensa ya shige. Nicanora ta danne da dukan nauyinta, ta fara murɗawa ta wajen ɗaurewa tukuna, sannan ta juyo. Ƙiiƙ! Sukuru ya motsa. Higinio ya buga ihu har kaji suka watse. Ita kuwa hawaye ne ya zubo mata, tana dariya.

Sakata ta kwana a kananzir. Da safe, gaban shugaban 'yan sanda, yatsun tsohon nan suka zare ta karaf, kamar jiya ya ajiye. Ciki fayau.

Bayan fareti ya zaro kwalba ya karkata kan bindiga. Nicanora ta cafke hannunsa.

"Baba! Don girman Allah!"

Ya dube ta, ya dubi ƙarfen yana sheƙi. Sai ya durƙusa da ƙyar ya zuba a ƙasa.

"Sha a nan, Zoilo. Na kusa zuwa, mu sha tare."