Gurbin Yaya a Matakala ta Bakwai

Mutanen wannan labari biyar ne: ni, da ake kira Baba Layi domin ni nake zana layukan filin ƙwallon kulob ɗinmu da farar ƙasa, yayana marigayi da ake kira Mai Ƙaho, sabon Mai Kulob, Manajansa, sai matata. Ban koyi rubutu ba sai da furfura ta rufe kaina, saboda haka zan bi zancen a hankali.

A ɓangaren gabas na filinmu babu kujeru, matakalai ne na siminti. Muna da wata al'ada a wurin. Idan ɗan kallo na kullum ya rasu, ranar wasa ta gaba sai in hau da ragowar farar ƙasa in ja layi ɗaya a gurbin da ya saba zama. Daga ranar ba wanda ke sake zama a wurin, komai cikar fili. Duk shekara bayan damina nakan sabunta layukan. Sun kai sittin da uku. Na Yaya yana matakala ta bakwai, inda ya shekara talatin yana busa ƙaho yana zagin alƙalin wasa.

Da aka sayar da kulob, sabon Mai Kulob ya zo duba fili. Ya tsaya ya daɗe yana kallon gabas, ya yi wa Manaja raɗa, ya shiga mota.

Manaja ya ce da ni, "Baba, gurbi sittin da uku babu kowa, jama'a na tsaye a bakin ƙofa? Ka shafe su."

Na ce, "Yallaɓai, ai da masu su."

Ya yi dariya ya ce, "To su zo su yanki tikiti."

Ya ba ni fenti ruwan toka. Na shafe sittin da biyu, ina kiran sunan kowa a zuciyata ina neman afuwa. Da na iso gurbin Yaya hannuna ya ƙi. Na kife bokiti a kan layin, Manaja ya zagaya bai lura ba.

Ranar Asabar da ƙarfe huɗu, rana tana nan fes, fili ya cika. Sabbin 'yan kallo suka zauna a guraben da na shafe, babu abin da ya same su. Ana busa usur na ɗauke bokitina, na koma gefe.

Ba a yi minti goma ba, na ga mutanen matakala ta bakwai suna muskutawa, suna sharce gumi. Wani ya juya ya ce, "Haba malam, ka daina turo ni!" alhali babu kowa a gefensa sai layin Yaya. Suka riƙa ja da baya, wurin yana ƙara faɗi, har ya zama fili kamar na tabarma uku, ba kowa a ciki. Simintin kuwa yana wani ƙara-ƙara irin na gadon da aka yi wa yawa.

Sai muka ci ƙwallo. Kafin jama'a su yi ihu na ji ƙaho, busa biyu gajeru da ɗaya doguwa, irin ta Yaya. Matakalar ta tsage daga kan layin har ƙasa.

Ba wanda ya ji rauni. Amma Mai Kulob ya rufe gabas, cikin wata guda aka rushe ɓangaren duka, za a gina shaguna.

Manaja ya ce, "Siminti ne ya tsufa, Baba."

Ban musa ba, amma na san abin da na yi. Na kori mutum sittin da biyu, na bar musu gurbi ɗaya, Yaya kuwa bai taɓa hana kowa wurin zama ba. Son da na yi masa shi ya raba shi da gurbinsa.

Na tsinto gutsuren simintin da ke ɗauke da layinsa, na ajiye a ɗakina kusa da rediyo. Duk Asabar da ƙarfe huɗu matata takan naɗe tabarmarta ta ce, "Malam, ɗakin nan ya yi mana kaɗan," ta fita tsakar gida. Ni nakan rakuɓe jikin bango in kunna musu wasa. Makon jiya na ga daɓen ɗakin ya fara tsagewa.

Wanda ya taɓa zama a gabas, in ya ga na kuskure a lissafi ko a rubutu, ya gyara mini, ya yafe wa tsoho. Waɗanda na ja wa layi kaɗai na ƙidaya.